Koren Gidan Safta

Tun kafin a gama kwashe fasassun tukwanen da aka rufe bakin matoya da su, gaban Tudora ya faɗi. Wani launi ta hango yana ƙyalli ta tsakanin ɓaraguzan, launin da ba shi da abin yi a matoyar gidansu, tandun da suke gasa kayan yumɓu.

Mahaifinta, Nea Oprea, shi ya sa tsumma ya ɗauko farantin farko, don da sauran zafi a jikinsa. Ya ɗaga ya duba. Ya juya bayan, ya ga ginin hannunsa ne ba shakka, ya sake juyowa. Har gogewa ya yi da bakin riga, sai ka ce gogewar za ta canja wani abu.

Farantin ya yi kyau, kyan ma shi ne masifar. Fari ya fito tas, ja da ruwan ƙasa sun bi juna suna lanƙwasa yadda ta ja su, amma koren da ke tsakaninsu ba na gidan Oprea ba ne. Koren gidan Oprea kowa ya san shi a unguwar Olari, wani marar kuzari ne kamar ruwan da aka tafasa alayyafo. Wannan kuwa kore ne shar mai zurfi, irin na kan namijin agwagwa. Gida ɗaya tak ke fitar da shi a duk garin Horezu, gidan Dada Safta, uwar Ilarie.

Aka ɗauko na biyu, haka. Na uku, haka. Kasake, kofuna, butoci, har ƙasan matoyar, kore shar.

Buɗe matoya kuma ba a ɓoye ake yi ba. Maƙwabta na jingine da shinge tun ɗazu, kafin a kai tsakiyar matoyar biyu daga cikinsu sun tuna suna da tukunya a kan wuta, suka yi gaba da sauri. Tudora ta san ba tukunya suka tafi dubawa ba.

Zamfir, mai aiki a keken ginin tukwane na biyu na gidan, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya tofar da ɓawon 'ya'yan kabewa ya ce ai kuwa bai taɓa ganin kayan gidan nan sun yi kyau haka ba. Nea Oprea ya yi masa wani kallo, ya haɗiye sauran maganar.

"Tudora," in ji mahaifin nata, muryar ƙasa-ƙasa, "me koren Safta yake yi a farantina?"

Ta dubi farantin, ta sunkuyar da kai.

Maganarta da Ilarie ba sabuwa ba ce, kuma ba wanda ya taɓa cewa yana da wani mugun hali. Aibinsa ɗaya, shi ne auta, shi kaɗai ya rage wa uwarsa tun rasuwar uban, auta kuwa ba ya barin gidan da aka haife shi, mata ake kawo masa. Ita kuma Tudora ita kaɗai ta rage a gidan Oprea mai riƙe ƙahon da ake zana wa tukwane launi da shi. Namiji ya gina, mace ta zana, haka sana'ar take. Tun da hannun mahaifiyarta ya soma rawa, idonta ya yi hazo, duk abin da ya fita daga gidan nan zanen Tudora ne a kansa. In ta tafi, sai dai Nea Oprea ya riƙa fitar da fararen faranti tsirara. Shi ya sa ya kafe cewa surukin da zai karɓa sai wanda zai tattaro kayansa ya tare a gidan. Ga Zamfir kuwa, mai 'yan'uwa maza rututu a ƙauye, ba gado yake jira ba, ya ce shi ko gobe.

Koren nan kuma, Dada Safta daga uwar mijinta ta gaje shi. Ta sha faɗa a bakin rijiya cewa ba mai sanin haɗinsa sai matar ɗanta, ita ma sai an fito daga coci.

To, da kaka, lokacin tsinkar tuffa, Ilarie ya miƙo wa Tudora wata 'yar tukunya ta kan shingen baya, cike da kunun yumɓun uwarsa. Ya ce ta zana wa kanta kasko ɗaya da shi, wanda za su ci miya a ciki ranar da Allah ya nufa. Ta ji daɗi ƙwarai, ta tura tukunyar can bayan sauran, ta bar ta sai ta samu sarari. Abin da ba ta kawo a rai ba shi ne, ɗanyen kore a kowane gida launin toka ne. Ko wutar farko ba ta tona shi, sai an shafa ruwan ƙyalli an mayar wuta ta biyu. Mahaifiyarta, wadda aikinta yanzu tace kunu da cika ƙaho, nasu ya yi ƙasa, ta lalubo tukunyar baya, ta motsa ta tace, ta yi ta ɗurawa. Ita kuwa Tudora da ta ji kunun yana gudu sumul daga bakin ƙaho, har yabon hannunta ta riƙa yi a zuci.

A kicin mahaifiyarta, Floarea, ta ritsa ta. Tana tuƙa tuwon masara tana kuka, muciyar na rawa a hannunta.

"Ni na ɗura, da hannuna na ɗura," in ji ta. "Da kin ce mini, 'Muika, uwata, tukunyar can kada ki taɓa,' zan taɓa ne? Amma kika ɓoye wa uwarki, kika bar ni na zubar wa ubanki da mutunci a gaban unguwa. Yanzu ana can ana cewa mun koma sata."

"Ba sata ba ce, Muika. Ba ni aka yi."

"Wannan ai ya fi sata muni, 'yar nan. Budurwa ta karɓi koren gidan mutane ba a je coci ba, me kike so a ce?"

Ta saki muciyar ta ɗago hannayenta biyu a gaban fuskar Tudora, su yi ta karkarwa. Ta ce ta dube su da kyau. Ta dubi bayan ubanta da ya lanƙwashe a kan keke. Ta ce su ba su haifi namiji ba, ba su yi ƙorafi ba, suka ce Allah ya ba su hannun da ya fi na maza goma, ashe hannun ma na wasu ne. Ta ce in Tudora ta tsallaka gidan Safta, to ta fara kashe wutar matoyar nan da hannunta kafin ta fita. Daga nan ta gangaro inda kullum take gangarowa, wai Zamfir ba ya shan barasa sai ranar biki, ba ya zagi, ba ya duka.

"Bijiminmu ma ba ya sha, ba ya duka," in ji Tudora. "Shi ma a kai mu coci?"

Kukan ya ƙaru. Tudora ta ji tausayi ya kama ta, haushi kuma ya fi tausayin yawa, don shekara da shekaru ke nan duk maganar da aka fara a gidan nan a kan hannayen nan masu rawa take ƙarewa. Ta karɓi muciyar ta ƙarasa tuƙin, ta juye tuwon a kan katako, ta fita ba ta ci ba.

A bakin rumfar itace Zamfir ya tare ta, hula a hannu. Ya ce shi dai ba ruwansa, amma ya yi tunani. Zai iya cewa shi ya zo da haɗin, wani tsoho ne ya koya masa a bayan duwatsu lokacin yana soja. Ba wanda zai ƙaryata shi. Ya ce miji ai shi ke rufa wa matarsa asiri, gara ya fara koyo tun yanzu. Ya faɗi wannan yana murmushi, da ɓawon kabewa a gefen leɓensa.

Ba mugu ba ne Zamfir, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta ce masa ta gode, amma asirin da ya cika matoya guda ya fi ƙarfin hularsa. Ta wuce lambun baya.

Ilarie yana can bayan shinge ƙarƙashin tuffa, yumɓu har gwiwar hannu, da ganin sa daga kan keke ya taso. Ya yi tsuru-tsuru. Ko a haka sai da zuciyarta ta yi mata abin da ta saba yi in ta gan shi, ta ji haushin kanta.

"Muika ta ji," in ji shi, yana nufin uwarsa.

"Kaji ma sun ji. In ta tambaye ka, me za ka ce?"

"Zan san yadda zan yi."

"Ban ce yadda za ka yi ba, Ilarie. Me za ka ce?"

Ya kama karce yumɓun da ya bushe a yatsunsa. Ya ce ta san zuciyar uwarsa ba ƙarfi gare ta ba, tun ɗazu tana zaune ta dafe ƙirji. Ya ce da za a ɗan lafa, a bari kasuwar tukwane ta shekara ta wuce, sai ya samu ranar da take cikin walwala ya shigar da maganar a hankali. Har ya kawo shawara wai ko Tudora za ta ce gwaji ta yi ta yi har Allah ya sa nata ya zo daidai da nasu.

Wallahi da akwai kasko a hannunta da ta kwaɗa masa.

"Bara ka ce a bari a gama azumin Ista," in ji ta, hawaye na zubo mata don takaici. "Aka gama, ka ce a bari a shigar da itace. Aka shigar, ka ce ƙafarta ta kumbura. Ƙawayena 'ya'yansu sun isa aike, ni ina nan ina magana da kai ta kan shinge kamar ɓarauniya. Yau an soma kirana ɓarauniyar da gaske, kai kuma ka ce in ƙara da ƙarya?"

"Kin san ina son ki, Tudora. Ko barci ba na yi."

"Na sani. Barcinka ba shi zai wanke ni ba."

Ya miƙo hannu ta tsakanin itatuwan shingen, idonsa ya yi ja. Ya ce shi a tsakiya yake, duk inda ya juya sai ya taka wani. Ya ce uwarsa ita ta riƙe gidan ita kaɗai, ta yi gini ta yi zane da ubansa ya kwanta ciwo, ba zai iya kallon idonta ya ce zai bar ta ba. Ta san gaskiya yake faɗa. Ta kuma san tana son sa so mai wahalarwa, har da wannan sanyin nasa da ke neman kashe ta. Ba ta kama hannun ba. Muryar mahaifinta ce ta taso daga ɗakin aiki yana kiran sunanta, ta goge fuska da gefen ɗankwali ta juya.

Nea Oprea ya riga ya yanke hukunci. Kayan kore ya sa an jibge su a ɗakin ajiya, ba mai fitar da ko kofi ɗaya. Kasuwa kuwa ta matso, don haka farantan da ke kan katakai suna shan iska, waɗanda suka yi tauri daidai zane, yau za a fara su. Da kansa ya wanke ƙahon kore, ya ɗura nasu na gado, ya nuna mata kujera.

Ta zauna a gaban keke. Shi ne mai zuba fari. Ya kamfato farin kunu da ludayi ya zuba a faranti, ya jujjuya shi ya game ko'ina, ya tsiyaye, ya ɗora mata yana sheƙi. Ta taka keken da ƙafa a hankali, ta ɗauki ƙahon saniya mai bakin gashin agwagwa, ta saki zare. Zoben ruwan ƙasa, zoben ja a cikinsa, zoben kore, kowanne kwance a kan jiƙaƙƙen farin. Sai ta ajiye ƙaho ta ɗauki tsinke mai gashin aladen daji, ta riƙa ja daga baki zuwa ciki, launukan na jan juna suna shiga juna ba tare da sun cakuɗe ba, har faranti ya cika da lanƙwasa kamar gashin zakara. Duk wannan sai farin yana jiƙe. Da zarar sheƙin ya ɗauke, launi ba ya gudu, tsinke sai dai ya karce. Mai zane ba ta ɗaga kai, ba ta tsayawa, ba ta gyara kuskure.

Shi ya sa duk mai son gasa mata magana a gidan nan lokacin yake jira. Mahaifinta na zuba fari yana yi, mahaifiyarta na bakin ƙofa tana tayawa da shessheƙa, Zamfir na can kan kekensa yana cewa shi dai ba ruwansa. Ta cika ta yi fam, amma zaren bai karkace ba.

Ana cikin haka ƙofar gida ta yi ƙara.

Dada Safta ce, 'yar ƙaramar mace cikin baƙin ɗankwali, tafe take ba alamar mai ciwon zuciya. Ilarie na biye da ita, ya wanke hannu, ya matse hula a ƙirji. Ba ta gaishe da kowa ba, ba kuma wanda ya ba ta kujera.

"Oprea, na zo ganin kayana."

Ya ce ba ta da kaya a gidansa. Bai rufe baki ba sai ga Zamfir, uban 'yan taimako, ya fito daga ɗakin ajiya da faranti ya miƙa mata hannu biyu. Ta kai shi bakin taga. Ta daɗe tana kallo, ta bi lanƙwasar da farce, ta karkata shi ga haske. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Sata aka yi mini, ko kyauta ka yi da abin da ba naka ba?"

Tudora na tsakiyar zoben ja, ba halin ɗaga kai. Keken na juyawa, kunnenta na wajensa.

"Ni na ba ta, Muika."

Wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa. Yau dai ya faɗa, a gaban uwarsa, a gaban ubanta. Ta yafe masa Ista, ta yafe masa itace, ta yafe masa komai.

"Amma kasko ɗaya muka yi da ita," in ji shi. "Ni ban ce ta cika matoya ba."

Kai, wannan mutum. Da ya yi shiru daga ta farkon me zai ragu a jikinsa? Ta cije leɓe ta ja tsinke, ta ƙarasa farantin, mahaifinta ya ɗauke.

Abin da ya biyo baya ko a kasuwar shanu sai haka. Dada Safta ta ce tunda korenta ya riga ya shiga hannun yarinyar, magana ta ƙare, a kawo ta gidan da koren yake. Ta ƙara da cewa, tana yatsina kamar ana cire mata haƙori, ba ta taɓa ganin an kwantar da shi a faranti haka ba, ko a hannun uwar mijinta. Nea Oprea ya ce ai shi ya sa ba inda za ta. In yaron yana so, ya kwaso kekensa ya tare nan, ya zo da koren, gobe ma a je wurin limamin coci. Zamfir ya tsayar da kekensa ya ce, to shi fa? Ba wanda ya ko kalle shi. Dada Safta ta yi dariya ta ce yaron ko niƙa yake yi bai san me yake niƙawa ba, haɗin yana kanta, kuma auta ba ya tarewa gidan mace sai in uwarsa ta mutu. Nea Oprea ya ce to ya jira. Floarea ta yi alamar gicciye ta ce a ji tsoron Allah.

Tudora ta samu ɗan tsakani ta sa baki. Ta ce gidajen nan biyu, in an soya albasa a can sai an ji ƙamshi a nan. Me zai hana a yi auren, ta zauna can, kullum da safe ta tako ta yi wa mahaifinta zane, da yamma ta yi na gidan miji?

Sai ga su sun haɗe kai, karon farko tun da aka shigo. Dada Safta ta ce hannun da ya san korenta ba ya aiki a wani gida, ko gidan uban da ya haife shi. Nea Oprea ya ce shi ba zai riƙa aron 'yarsa daga hannun Safta kamar rariya ba. Suka koma kan juna, har da tono wata rigimar ramin yumɓu ta zamanin iyayensu.

Yana cikin faɗan hannunsa bai daina aiki ba, don ya saba. Ya kamfato fari, ya jujjuya, ya tsiyaye, ya ɗora mata sabon faranti.

Tudora ta dubi farantin. Ta mayar da ƙahon cikin mazauninsa, ta sauke ƙafa daga keke, ta haɗa hannuwa a cinya.

Sai da keken ya tsaya cak sannan aka lura. Shirun ne ya juyo da su.

"Tudora, farin zai sha iska," in ji mahaifinta.

"Na gani, Taika."

"To ɗauki ƙaho."

"Ba zan ɗauka ba." Sannan ta ci gaba. "Tun safe ake maganar kore, ake maganar ƙaho, ake maganar matoya. Kun raba ni kun sake rabawa, ba wanda ya juyo ya ce, Tudora, ke ina kike so ki zauna? Dada, zanena kike so. Taika, kai ma zanena kake so. To na ajiye. Ba a nan ba, ba a can ba, ba zan ƙara ja wa kowa layi ba sai an daidaita maganar aurena."

Dada Safta ta ajiye farantin a kan taga, ta gyara ɗankwali. Ta ce ita ba ta saba tsayawa yara na gindaya mata sharaɗi ba. Ta nufi ƙofa, sai a lokacin ta tuna da ƙirjinta ta dafe shi.

"Ilarie, mu tafi."

Ya dubi uwarsa, ya dubi Tudora. Hular nan ta sha matsa.

"Ilarie," in ji Tudora, yanzu kam ta ɗaga kai tana kallon sa sosai, "in ka fita ƙofar nan ba ka ce komai ba, kada ka sake kirana ta shingen baya. Na gaji da shinge."

"Raka ta kawai zan yi," in ji shi, kamar zai yi kuka. "Kin ga ba ta jin daɗi. Yanzun nan zan dawo, mu yi magana a tsanake."

Ya bi ta. Suka ji takunsu a tsakar gida, suka ji ƙofa ta rufe.

A gaban idonsu sheƙin farantin ya soma ɗaukewa daga baki, yana shiga ciki, har ya zama fari fat ba rai. Tun tana 'yar yarinya ba ta taɓa barin faranti ya bushe a gabanta ba sai yau. Ba ta motsa ba.

Nea Oprea ya ɗauke shi ya ajiye gefe. Ya zuba wa wani fari, ya ɗora mata, ya tsaya a kanta. Ba ta taɓa ƙahon ba. Shi ma wannan ya bushe. Zamfir ya tashi sumui-sumui ya ce bari ya duba itace, ya fice.

Tsohon ya dubi katakan da ke jere har rufi, faranti a kan faranti, ginin bayansa mai ciwo, duk suna jiran hannu ɗaya. Ya saki ludayin cikin tukunya. Ya jawo wani kututture ya zauna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, har gwiwarsa na taɓa keken.

"Wannan ɗin," in ji shi, ya nuna ƙofa da haɓa, "wanda ya bi uwarsa kamar ɗan maraƙi, ya bar ki a nan. Har yanzu shi kike so?"

Ta so ta ce a'a. Wallahi ta so, don ya cancanta. Ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar.

"Shi, Taika. Abin da ke ƙona mini rai ke nan."

Ya daɗe yana kallon ta. Ya shafa fuska da tafin hannu, farin kunu ya ɓata masa gashin baki bai sani ba. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar.

"Floarea, ɗauko mini hular zuwa coci. Ki cika kwalba da barasa."

"Ina za ka, Oprea?"

"Gidan Safta."

Floarea ta dafe bango. Ta ce ya rufa musu asiri, iyayen namiji ke zuwa da kwalba, tun da aka kafa unguwar nan ba uban 'ya mace da ya taɓa takawa roƙon miji, gobe ba zai iya ɗaga kai a bakin coci ba. Ya ce ya sani, a Olari aka haife shi. Ya ce ta ɗauko dai.

Tudora ta miƙe ta ce ba haka take nufi ba, ya bari, shi Ilarie ne ya kamata ya zo.

"In shi za a jira, sai na mutu ban ga jika ba," in ji shi. "Zauna."

Ya sa hular, ya soke kwalbar a hammata. Ta bi shi har bakin ƙofa. Maƙwabta na nan jingine da shingayensu, kowa ya ga hular, kowa ya ga kwalbar, kowa ya ga inda ya dosa, hira ta ɗauke gida bayan gida. Shi kuwa yana tafe tsakiyar hanya a duƙe, a hankali, bai dubi kowa ba.

Sai a lokacin kukan gaske ya zo mata.